Kurakuran da muke yi wa mangwaro da lemun tsakar gida

Da ganyen lemu ya fara rawaya, abin da yawancinmu ke yi a Kaduna shi ne mu garzaya shagon masu maganin feshi. A feshe bishiya sau biyu, sau uku, ganye ya ci gaba da zuba. Dalili kuwa, sau da yawa ciwon ba a ganyen yake ba, yana can gindi inda ba wanda ya durƙusa ya duba.

Ka fara da kututture. Idan ka ga ƙaro yana tsatsafowa daga ɓawon lemu kusa da ƙasa, ɓawon ya yi duhu yana darewa, wannan ruɓewar gindi ce, kuma danshi ne ke rura ta. Mu ne muke jawo ta da hannunmu: a haƙa wa bishiya kwarmi har jikin kututture, a maida shi makwararar ruwan wanke-wanke, ga kuma ruwan Agusta ya zo ya kwanta. Wasu tun ranar dashe suke binne wurin auren, wato inda aka haɗa reshen iri da gindin dashen, alhali kamata ya yi ya tsaya sama da ƙasa da kamar taƙi guda. Gyaran shi ne ka janye ƙasar da ta rufe gindin ya sha iska, ka maida da'irar ban ruwa can daidai inda inuwar rassa ta ƙare, domin a nan ƙananan saiwoyi suke sha. Sannan ka kankare ɓawon da ya mutu da wuƙa mai tsabta har ka kai ga lafiyayye, ka shafa maganin ruɓa mai sinadarin tagulla. Don Allah a bar shafa baƙin mai, ƙona naman itacen yake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raunin da ake yi wa ɓawo da ganganci. A ɗaura waya don shanya, a manta da ita har ta nutse cikin itace. A ɗaure akuya a jikin ƙaramin dashe ta gwaigwaye shi. A tara shara a gindi a cinna wuta. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, saboda haka idan rauni ya zagaye kututture gaba ɗaya, bishiyar za ta yi watanni tana kore-shar alhali saiwarta na mutuwa da yunwa. In gara ta biyo baya sai a ɗora mata laifi, bayan ita mataccen ɓawo ta tarar. Kana shakkar ko reshe na da rai? Karce shi da farce: kore mai danshi yana raye, busasshe mai launin ƙasa a yanke shi.

Shi ma ganye a duba wanne ne ya canza. Tsofaffin ganyen ƙasa-ƙasa ne suka yi rawaya baki ɗaya, taki yake nema. Sabbin toho ne suka koɗe jijiyoyinsu na kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ko ruwa ya yi yawa, ƙarin yuriya ba zai magance ba. Sabon ganyen mangwaro mai ja-ja kuwa lafiyarsa ƙalau, haka yake fitowa. Bushewar bakin ganye a hunturu ban ruwa mai zurfi yake so, ba magani ba.

Baƙin nan mai kama da kunkunniya a kan ganyen mangwaro yana ruɗar mutane. Juya ganyen, za ka ga fararen ƙwari kamar auduga, su ke zubar da darɓa, baƙin ya tsiro a kanta. Su za ka yaƙa, da ruwan sabulu ko man darbejiya da yamma, ka rage rassa rana ta shiga. Idan ka hango kauci a sama, sare reshen can ƙasa da inda ya kama. In abin ya gagara, ɗauki ganye da hoton gindin ka kai wa malamin gona.