Layi biyar kawai za ka ba ChatGPT

'Yan uwa masu nazarin ƙwayoyin halitta, ga dabarar da ta rage min wahala sosai.

Kada ka zuba masa duk bayananka ka ce ya lissafa. Ba shi sunayen ginshiƙan teburin bayananka da layi biyar na farko, ya rubuta maka umarnin R (harshen kwamfuta na nazarin bayanai), kai ka gudanar a kwamfutarka.

Shi hasashen kalmomi yake yi, yana iya kawo lambar da ba ta da tushe. Umarni kuwa kana iya bin sa layi-layi, ka sake gudanarwa gobe. In bayanan marasa lafiya ne, sa lambobin ƙarya a layukan.

Ka fayyace masa samfur nawa ne, wanne aka ba magani, wanne ba a ba ba. In da DESeq2 za ka yi aiki (manhajar R mai kwatanta aikin ƙwayoyin gado tsakanin samfura), ɗanyen ƙidaya yake so, ba TPM (ƙidayar da aka riga aka daidaita) ba.

Inda dabarar take gazawa: matsalar da ke can ƙasan teburi. Excel kan mayar da sunan ƙwayar gado SEPT2 ya koma kwanan wata, wato 2-Sep, har ta kai aka sauya sunan zuwa SEPTIN2. Layi biyar ba za su nuna wannan ba. Don Allah ka bi ginshiƙin sunayen da idonka tukuna.