Yadda za ku ceto tsohon zauren gidanku kafin damina ta gama da shi

Duk wanda ya tashi cikin garin Sakkwato ya san Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da sauransu, amma ka tsai da yaro ka ce ya nuna maka ganuwar da ƙofofin nan suke jiki sai ya tsaya yana kallonka, don ganuwa ta tafi, suna kawai anka bar muna. Garin da Sarkin Musulmi Bello ya kafa tun wajen 1809, Shehu ya dawo cikinsa a 1815 ya rasu a 1817. Hubbare dai alhamdulillahi yana da masu kula da shi, masu ziyara ba su yankewa. Abin da ke damuna shi ne zaurukan cikin unguwanni, na malamai da na attajiran da, waɗanda ba su da kowa sai magada, kuma kowace damina sai wani ya zube. Namu saura kaɗan ya bi su, shi ya sa nake son in faɗi yadda munka yi ko wani zai amfana.

Kada ku fara da magini, ku fara da magada. Wallahi wanga shi ne mafi wuya. Gidan gado kowa na da baki a ciki, wani yana Legas, wata tana aure Gusau, wani kuma ya riga ya yi magana da mai son saye ya yi shaguna. Mu sai da munka zauna sau uku. Na ce ma ƙanen mahaifinmu, Baba, ku ne kunka yi karatun allo a zauren nan, in ya faɗi a hannunmu mi za mu gaya ma 'ya'yanmu? Ya yi shiru, can ya ce to ku kira mai unguwa da liman. A gabansu anka rubuta takarda cewa zaure ba na sayarwa ba ne, ko an raba sauran gida shi yana nan na kowa, kowa ya sa hannu har mata. Kada ku raina takardar nan, ita ce za ta tsaya muku ranar da wani ya shiga matsin kuɗi.

Daga nan ku ɗauki waya ku yi hoton komi, ciki da waje, rufi, zanen bango, ƙyaure, duk wata tsaga. Ku zaunar da tsofaffi, musamman mata don su ne ke riƙe da labarin gida, ku naɗi muryarsu: wa ya gina, zamanin wane Sarkin Musulmi, su wa anka karantar a ciki. In kun ci karo da tsofaffin takardun ajami a cikin gafaka ko adaka, kada ku jiƙa su ko ku manna musu salatif, ku nemi shawara a gidan tarihi na Waziri Junaidu, aikinsu ne.

Yanzu ginin kansa. Ginin ƙasa ruwa ne ajalinsa, daga sama da kuma daga ƙasa. Ku hau rufi tun da rani, kada ku jira watan Yuni hadari ya fara haɗowa. Ku duba indararo, in ya toshe da ƙasa ko ciyawa ko ya karye to ruwa a kan rufi yake kwana, ya tsuma ƙasa, ya sauka kan azara. Indararo ya zama dogo yadda zai watsa ruwa nesa da bango. A ƙasa kuma ku duba gindin bango, duk inda ruwan kwata ko na wanki ke kwanciya ku cike ku karkata shi, galibi nan gini ke fara cinyewa, za ku ga ƙasar tana gari tana zuba in kun shafa. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, amma in ta daɗe cikin danshi tana ruɓewa, ku ƙwanƙwasa kowace da sanda, wadda ta yi ƙarar holoƙo a tokare wurin a canza ta, ɗaya bayan ɗaya, ba a yaye rufi gaba ɗaya.

Sai maganar siminti, nan ne munka yi kuskuren da har yau yake min ciwo. Shekarun baya anka kawo wani birkila ya yi ma bangon gabas filasta, ya yi kyau kowa yana barka. Damina uku kacal, wata safiya cikin Agusta munka ji rugum, filastar ta ɓallo faifai guda kamar ƙyaure, ta taho da ƙasar bango kusan taƙi ɗaya, abin da ke bayanta jiƙe sharkaf har da gidan gara. Dalili kuwa ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuma ya toshe ta, ruwa ya shiga ta 'yar tsaga ya rasa hanyar fita sai ya zauna yana cin gini daga ciki kai kana ganin waje sumul. Don Allah kada ku yi. Ku nemi tsohon magini na ƙasa, in unguwarku babu ku tambaya wajen Wurno ko Kware ko ƙauyukan kusa. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa da kashin jaki ko na doki, a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa kafin a yi yaɓe, sannan a bi da makuba, wato ɓawon ɗorawa da anka jiƙa, ita ke sa ruwa ya zame. Rufi kuwa magabata laso suke sawa, haɗin katsin marina, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini, da gashin jima da dafara, wani tsiro mai yaɗo na daji, gashin jima dai ba zai gagara ba a garin majema. Kuma ku tura samari biyu ko uku su tsaya gindin maginin nan daga farko har ƙarshe suna koyo, a biya su ko kuɗin abinci ne, don masu ɗaurin guga da bakan gizo, wato dabarun ɗaure rufin soro na ƙasa, ƙarewa suke yi.

Kuɗi ba sai kun jira gwamnati ba. Mu asusu munka buɗe a guruf ɗin WhatsApp na dangi, kowa abin da ya sawwaƙa duk wata, ana saka rasit kowa ya gani. Ɗaukar ƙasa da ruwa gayya munka yi, mata sunka dama fura da kunu.

Abin da zai riƙe zauren bayan gyara shi ne a riƙa shiga cikinsa kullum. Ɗakin da anka rufe da kwaɗo babu mai ganin yoyonsa sai ya faɗi. Namu da safe makarantar allo ce, da la'asar mata ke ɗaukar karatu, irin abin da Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta dasa da 'yan taru, wato tsarinta na karantar da mata, da dare kuma dattijai ke hira. In naku yana bakin hanya ku ba wani baduku ko maɗinkin hula haya mai sauƙi, da sharaɗi a rubuce: ba fasa bango, ba kafa ƙusa barkatai, wayar lantarki a bi da ita ta cikin roba a saman bango, janareta kuma can waje nesa. Kuɗin hayar a ware shi don yaɓen shekara. A watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40 za ku ga yadda mutane ke gudo daga ɗakin kwano su cika zauren.

Gini in ya shahara sosai a tarihi ku rubuta ma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ita ke kula da irin su kufan Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi, ku haɗa da hotunan nan da kunka ɗauka da takardar magada. Amma ko sun zo ko ba su zo ba ku tsai da rana guda duk shekara bayan an gama girbi, a hau rufi a duba indararo, a liƙe tsaga tun tana siririya.