Darasi na Bakwai: Idan Gwamnati Ta Ce Baƙo Ya Bar Ƙasa

Kowace ƙasa tana da ikon ce wa baƙo ya tattara nasa ya nasa ya koma inda ya fito. Amma a ƙasashe da yawa, maganar minista ko jami'in shige da fice ba ita ce ta ƙarshe ba. Wanda aka miƙa wa takardar kora yana iya garzayawa kotu.

Aikin alƙali a nan shi ne ya duba ko gwamnati ta bi doka. Wanda ya sa hannu a takardar, yana da hurumin yin haka? An faɗa wa mutumin dalilin korarsa? An saurare shi? Sashe na 13 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya ce baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da damar kawo hujjarsa, a kuma sake duba lamarinsa, sai fa in wani babban dalilin tsaro ya hana.

Wani lokaci ma tambayar farko ita ce: anya baƙo ne? A 1980 gwamnatin Nijeriya ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, zuwa Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korar kuma haramtacciya ce.

Akwai iyakar da ko dalilin tsaro ba ya ƙetarewa. Ba a mayar da mutum inda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za a azabtar da shi. A 1996 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta hana Birtaniya mayar da wani ɗan Indiya, Karamjit Singh Chahal, ƙasarsa saboda haka, duk da gwamnati ta ce barazana ne ga tsaronta.

To, wanda abin ya shafa ya lura da lokaci. Wa'adin shigar da ƙara gajere ne sau da yawa, kuma shigar da ita kaɗai ba lalle ta tsayar da jirgi ba. Lauya ya roƙi kotu umarnin dakatar da korar tun farko. Kada mutum ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, don tana iya zama ta amincewa ya tafi da kansa. In bai ji harshen ba, ya nemi tafinta.

Cin nasara ba ya nufin an ba shi zama har abada. Galibi kotu kan soke hukuncin ne, ta ce a sake zama a yanke bisa doka.

Aiki: Rubuta abubuwa biyu da alƙali yake dubawa. Me ya sa ake neman umarnin dakatarwa da wuri?