Yadda ake tsara neman maƙaloli don bitar nazari mai tsari

Duk ɗalibin laburare da ya zo mini da wannan aiki, wato tattaro dukkan binciken da aka yi kan tambaya ɗaya bisa ƙa'ida a tantance su, nakan ce masa ya kawo maƙaloli biyar ko goma da ya tabbata dole su shiga bitarsa. Yawanci sai ya yi shiru. To, ka fara tara su, don da su za ka auna bincikenka.

Sai ka raba tambayarka gida-gida. A ce kana duba ko koyar da dabarun neman bayani yana amfanar ɗaliban jami'a: gida ɗaya ɗalibai, gida ɗaya horon. Kada ka wuce gida uku. Masu aikin likitanci suna da tsarin PICO, mai gida huɗu: mutane, matakin da aka ɗauka, abin kwatanci da sakamakon matakin. Amma ni ba na sa gidan sakamakon a cikin layin bincike, wato jerin kalmomin da ake nema da su, domin kowane marubuci da sunan da yake ba shi.

A wajen tara kalmomi ne ake faɗuwa. Abu ɗaya wani ya kira shi "information literacy", wani "library instruction", tsofaffin rubuce-rubuce kuma "bibliographic instruction". Ka haɗa kalmomin gida ɗaya da OR, ka haɗa gidajen da AND, ka manta da NOT, yana zubar da abin kirki. Rubuta librar* don tauraron ya kamo dukkan rassan kalmar, sannan ka ƙara da kalmomin da rumbun maƙalolin da kake nema a ciki ya ware a ƙamusunsa, irin na ERIC, rumbun fannin ilimi.

Yanzu ka gwada: maƙalolinka na farko sun fito? Ni na taɓa murna da tulin sakamako, ashe uku daga cikin nawa babu su, saboda marubutansu "user education" suka ce. Idan ɗaya ta ɓace, buɗe ta, ka ga kalmar da ta yi amfani da ita, ka ƙara, ka sake binciken.

Rumbu ɗaya ba ya isa. Ka bi LISTA da LISA na fannin laburare, da Scopus da ERIC, sai AJOL don mujallun Afirka. Scopus da tsada, ka tambayi laburaren jami'arku ko tana da rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin waɗannan rumbuna kyauta ko da araha. Google Scholar kuwa ba ya nuna fiye da sakamako 1000, ciko ne kawai.

Kowane bincike ka rubuta ranarsa, layin da ka sa, da adadin da ya fito, domin PRISMA 2020, ƙa'idar rubuta rahoton irin wannan bita, za ta buƙace su. Zuba komai a Zotero, manhajar adana manazarta, kyauta ce, ka cire maimaici, ka bi manazartar maƙalolin da ka zaɓa.