Neman wurin IT: kurakuran da ɗaliban kimiyyar kwamfuta suka fi tafkawa

Hukumar ITF (Industrial Training Fund) mai hedikwata a Jos ta ɓullo da shirin SIWES, wato tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, a 1973 saboda masu ɗaukar ma'aikata na kukan cewa ɗalibai na fitowa da karatu amma ba su iya aikin ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jami'a yakan yi wata shida a wannan horo da muke kira IT (Industrial Training), yawanci a aji uku. Wata shidan nan ne wasu ke zubarwa tun kafin su fara.

Babban kuskure shi ne neman wurin da za a buga maka hatimi kawai. Ɗalibi ya karɓi wasiƙa daga makaranta, ya kai wa kawunsa a sakatariya, a ba shi kujera kusa da firinta. Da safe ya buga takardun ofis, da rana a aike shi sayen tawada, ƙarfe biyu ya kama hanyar gida. A littafin rahoto kuwa sai ka ga an rubuta "gyaran netwok". Malam mai zuwa dubawa zai sa hannu, maki zai fito, amma ranar da aka ce rubuta ɗan shirin da zai jawo sunaye daga rumbun bayanai, sai ido ya raina fata. Kafin ka miƙa wasiƙarka ko'ina, tambayi abu biyu: wa zan zauna ƙarƙashinsa, kuma me yake ginawa yanzu? In ba amsa, gara ƙaramin kamfani mai mutum biyar da ke rubuta manhaja, ko cibiya irin CoLab a Kaduna da nHub a Jos, a kan babban ofis mai sanyin AC.

Sai jinkiri. Mutum ya bari sai an gama jarrabawa sannan ya fara yawo da ambulan, lokacin wurare sun cika. A fara tun zangon da ya gabata. Masu hangen waje ma su sani, manyan kamfanonin Amurka irin su Google da Microsoft sukan buɗe neman gurbin horon bazara tun wajen Agusta zuwa Oktoba na shekarar da ta gabace ta.

Batun CV kuwa, nan ne abin dariya da takaici suke haɗuwa. Za ka ga an jera Java, Python, C++, PHP, JavaScript, har da Microsoft Word a ƙarshe, amma ba ko aiki ɗaya da za a buɗe a gani. Wanda ke tantancewa ya san ba ɗan aji uku da ya ƙware a harsuna biyar. Zaɓi ɗaya ko biyu, ka sa adireshinka na GitHub (shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu) a sama, da aiki biyu da ke tashi in an kunna su. Ba sai sun zama gagarumai ba. Manhajar da ke lissafa bashin kwastomomi a shagon yayanka ta fi kalkuleta da ka kwafo daga YouTube, domin za ka iya bayanin dalilin kowane layi. Haka ma wanda ChatGPT ya rubuta masa komai: tambaya ta biyu a intabiyu take tona asiri. CV shafi ɗaya ya isa, kuma a cire jiha, addini da ranar haihuwa in ba a nema ba. A kuma buɗe imel da sunan kirki, ba laƙabin da abokai ke kiranka ba.

Wasu kuma ba su ma san akwai horon da ake yi daga ɗaki, a biya ka ba. Google Summer of Code, shirin Google da ke haɗa masu koyo da ƙungiyoyin da ke gina manhajar da kowa zai iya gani ya gyara, ya fara tun 2005. Ana sanar da ƙungiyoyin da za su shiga wajen Fabrairu, a karɓi takardun nema a Maris zuwa farkon Afrilu. Kuskuren a nan shi ne aika shawarar aiki ga ƙungiyar da ba ta taɓa jin ɗuriyarka ba. Waɗanda ake ɗauka galibi sun riga sun shiga dandalin ƙungiyar, sun gyara ƙananan kurakurai a manhajarta, masu kula sun san sunansu. Shirin Outreachy ma haka yake, horonsa na farawa sau biyu a shekara, a Mayu da Disamba, kuma sai ka ba da gudummawa kafin a zaɓe ka. Sai dai ka tuntuɓi ofishin SIWES na makarantarku tukuna, don ba lallai su karɓi irin wannan a madadin IT ba.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom a WhatsApp kafin ya ba ka gurbi, rabu da shi.

In ka samu wurin, cika littafin rahoto kowace Juma'a da abin da ka yi da hannunka, har da inda ka maƙale da yadda aka warware. Daga nan za ka ciro rahoton ƙarshe, da amsoshin ranar kare shi, da layukan da za su shiga CV ɗinka na gaba.