Darasi na 9: Ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin jiki

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da na'ura. Masana sun ƙiyasta cewa babban mutum yana ɗauke da sama da tiriliyan 30 daga cikinsu. Kowace ƙwaya tana da siririyar fata da ta kewaye ta, kuma wannan fata ba ta barin komai ya shiga ko ya fita haka kawai. To, idan kowace a rufe take, yaya miliyoyinsu suke yin aiki guda a lokaci guda? Wannan ita ce tambayar darasinmu.

Hanyoyin da ƙwayoyi ke isar wa juna saƙo suna da yawa. Wasu suna zuba sinadari a cikin jini ya kai saƙon nesa. Wasu suna aikawa ta jijiya. Amma akwai hanyar da ta fi kowace kusa. Ku ɗauka kowace ƙwaya ɗaki ce, kuma a jikin bangon da ya raba ta da ta kusa akwai 'yar ƙofa. Wanda ke wannan ɗaki yana miƙa wa na wancan abu hannu da hannu, ba sai ya fita waje ba. Irin waɗannan ƙofofi suna nan a zuciya, hanta, fata, ƙwaƙwalwa, ido, kunne da mahaifa. A wannan darasi za mu riƙa kiransu ƙofofin maƙwabta.

Sabbin kalmomi, a karanta su da ƙarfi sau biyu kafin a ci gaba: ƙwayar halitta, furotin, koneksin, ƙwayar gado, fotasiyam, kalsiyam.

Yadda aka gina ƙofar

Da wani furotin, wato sinadarin gina jiki, mai suna koneksin ake yin ta. Koneksin shida ne suke haɗuwa su yi zobe mai rami a tsakiya, a jikin fatar ƙwaya ɗaya. Ita ma maƙwabciyar tana yin nata zoben da shida. Idan zobba biyun suka haɗa baki, hanya ta buɗe ke nan daga cikin wannan ƙwaya zuwa cikin waccan. Ba ƙofa ɗaya ake yi ba, sukan taru ɗaruruwa ko dubbai a wuri guda.

Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Ku dubi milimita ɗaya a jikin rula, ku raba ta gida miliyan. Kashi ɗaya a ciki shi ake kira nanomita. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin biyu a wurin ƙofar ba ta wuce nanomita 2 zuwa 4 ba. Saboda haka ƙananan abubuwa ne kaɗai ke iya wucewa: fotasiyam da kalsiyam (nau'o'in gishirin jiki ne), sukari da wasu 'yan sinadaran saƙo. Manyan abubuwa irin su furotin ba sa shiga. Kuma ƙofar ba a hangame take kullum ba, tana buɗewa tana rufewa gwargwadon halin da ƙwayar take ciki.

Mutum yana da koneksin iri 21. Ana bambanta su da lamba, kuma lambar nauyinsu take nunawa: akwai koneksin 26, da 32, da 43, da sauransu. Kowane sashen jiki da irin nasa, shi ya sa idan iri ɗaya ya samu matsala, a wani wuri na musamman cutar ke bayyana.

Ba a daɗe da sanin wannan ba. A 1959 wasu masana biyu, Edwin Furshpan da David Potter, suka bayyana cewa a jikin wani jatan lande na ruwan daɗi lantarki yana tsallakawa kai tsaye daga wata jijiya zuwa wata. A 1967 kuma Jean-Paul Revel da Morris Karnovsky na Jami'ar Harvard a Amurka suka ga tsarin ƙofofin da na'ura mai ƙarfin gaske, a zuciya da hantar ɓera.

Zuciya

A nan aikin ƙofofin ya fi fitowa fili. Zuciya tsoka ce, kuma ba za ta iya tura jini ba sai ƙwayoyinta sun matse tare. A saman zuciya ta dama akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke tayar da ɗan lantarki a kai a kai. Wannan lantarkin yana bi ta ƙofofin maƙwabta daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ya game zuciyar cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Sai ta matse, jini ya fita, ta saki, jini ya shigo. Koneksin 43 ne ya fi yawa a manyan ɗakunan zuciya na ƙasa. Abin mamaki, ba ya daɗewa: cikin 'yan sa'o'i jiki ya rushe tsoho ya saka sabo, dare da rana, zuciyar kuma ba ta tsaya ba.

Idan jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini ta toshe, ƙwayoyin wurin sukan fara mutuwa. Kalsiyam ya taru a cikinsu, tsami ya ƙaru, sai ƙofofinsu su rufe. Wannan rufewar tana da amfani, domin tana hana ɓarnar kwarara zuwa ƙwayoyi masu lafiya. Tun a ƙarni na 19 wani masani Bajamushe, Theodor Engelmann, ya lura cewa ƙwayoyin zuciya tare suke rayuwa, amma kowace ita kaɗai take mutuwa. Sai dai akwai kuɗin da ake biya. Lantarki ba ya samun hanya a wurin da ya mutu ko ya yi tabo, dole ya kewaye, wani lokaci ma ya riƙa zagaye a wuri ɗaya. Daga nan bugawar zuciya take rikicewa, kuma irin wannan rikicewar tana iya kashe mutum cikin mintuna.

Yanzu mu gwada da kanmu. A zauna a huta na minti biyar. A ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a danna kaɗan har a ji harbawa. Kada a yi da babban yatsa, shi ma yana da tasa harbawar. A ƙirga na daƙiƙa 30, a ninka biyu. Wanda ya samu 36, nasa 72 ne a minti. Babban mutum da ke hutawa yakan samu tsakanin 60 da 100. Masu yawan motsa jiki sukan yi ƙasa da 60 ba tare da wata cuta ba.

Ban da ƙirga, a saurari tafiyar bugawar. Tsallake ɗaya jefi-jefi yana faruwa ga mutane da yawa masu lafiya. Amma idan bugawar ba ta da tsari sam, ko tana gudu alhali mutum yana zaune, a je a ga likita, zai yi gwajin lantarkin zuciya da ake kira ECG. Idan kuwa ta zo da ciwon ƙirji, ko ɗaukewar numfashi, ko suma, ba a jiran gobe. Asibiti nan take.

Naƙuda

Mahaifa ma tsoka ce. A tsawon watannin ciki ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinta kaɗan ne, don haka ko wani sashe ya ɗan matse, abin ba ya yaɗuwa, ɗa yana zaune lafiya. Dab da haihuwa sai koneksin 43 ya ƙaru sosai, ƙwayoyin su haɗu, mahaifar ta riƙa matsewa gaba ɗaya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ciwon naƙudar gaskiya yake zuwa da tsari, yana ƙara ƙarfi yana matsowa kusa da juna. Mai cikin da ta ji irin wannan kafin mako 37 ta tafi asibiti.

Kunne

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe a naɗe cike da ruwa. A cikinsa ƙwayoyi masu 'yan gashi suke, su ne ke mayar da sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Kewaye da su akwai ƙwayoyin da ke tallafa musu, waɗanda ke miƙa wa juna fotasiyam da sukari ta ƙofofin koneksin 26 da 30. Idan babu koneksin 26 mai aiki, sashen ba ya kammaluwa yadda ya kamata, sai a haifi yaro ba ya ji, ko yana ji kaɗan, alhali sauran jikinsa garau.

A 1997 aka gano cewa rashin koneksin 26 mai aiki yana jawo kurumta. A ƙasashen Turai da na bakin Bahar Rum shi ne babban sanadin kurumtar da ake gado. A yawancin Afirka ta kudu da Sahara bai cika yawa ba, sai a Gana. Can akwai ƙauyen Adamorobe, inda kurame suka yi yawa har garin yake da yaren hannu nasa na kansa, kuma a 1998 aka tabbatar cewa wani sauyi a ƙwayar gadon koneksin 26, wato umarnin yin sa da ake gada daga iyaye, shi ne sanadi.

Gadonsa irin na sikila ne. Kowane mutum yana da ƙwayar gadon guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ɗaya tasa ce kawai ta samu sauyi yana ji sarai, bai ma san yana ɗauke da komai ba. Idan miji da mata dukansu suna ɗauke da ita, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi kurma. A lura da kyau: ba ana nufin a cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ya zama kurma ba. Kowane ciki da nasa lissafin. Ana iya samun biyu a jere, ana iya haifar shida ba ko ɗaya. Kuma tunda daga ɓangarorin biyu abin yake zuwa, ɗora wa uwa laifi ita kaɗai zalunci ne, kuma jahilci ne.

Kada a ɗauka duk kurumta gado ce. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani ga jariri, ruwan kunnen da aka bari ba magani, da wasu allurai masu ƙarfi, duk suna kashe ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara daga abubuwan da ake iya karewa yake.

Ko mene ne sanadin, abin da ya fi muhimmanci shi ne a gane da wuri, domin a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro take kama harshe. Ƙa'idar da likitocin yara ke bi a ƙasashe da dama ita ce 1, 3, 6: a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A gida kuma a sa ido. Jariri sabon haihuwa yakan firgita idan an yi ƙara mai ƙarfi. Ɗan wata shida yakan juya wajen da murya ta fito. Ɗan shekara ɗaya yakan yi gwaranci, ya waiwayo idan an kira sunansa. Wanda bai yin waɗannan, a kai shi a gwada, kada a ce ai miskili ne. Taimakon yana iya zama na'urar ƙara ji, ko na'urar da ake dasawa a cikin kunne, ko koyon yaren hannu, shi da mutanen gidan duka. Yaron da ba ya ji hankalinsa cikakke ne.

Ido da jijiya

Madubin da ke cikin ido ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, don da akwai da ta tare haske. Ƙwayoyin da ke tsakiyarsa ta ƙofofin koneksin 46 da 50 suke samun abinci, ta nan kuma suke fitar da datti. Idan waɗannan suka samu matsala, ana iya haifar yaro da yana a ido. Duk jaririn da aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, a kai shi wurin likitan ido a wannan makon. Idan yana ce, aikin ya fi amfani a makonnin farko, kafin idon ya saba da rashin gani. Wani lokaci kuma farin alamar ciwon daji ne na ido.

Akwai wata cutar jijiya mai ɗauke da sunan likitoci uku da suka bayyana ta a 1886: Charcot da Marie na Faransa, da Tooth na Ingila. A 1993 aka gano cewa wani nau'inta daga koneksin 32 yake. Ƙafafu suke fara rauni, sha-raɓa ta rame, tafin ƙafa ya yi doro, mutum ya riƙa tuntuɓe, daga baya hannu ma ya taɓu. Wannan nau'in ya fi tsananta ga maza. Uba mai shi ba ya ba ɗansa namiji, amma duk 'ya'yansa mata suna ɗauka. Ba a warkar da ita, sai dai gashin ƙashi da takalmi na musamman suna sa mutum ya ci gaba da tafiya.

Game da ciwon daji, tun 1966 Werner Loewenstein da Yoshinobu Kanno suka nuna cewa ƙwayoyin dajin hanta sun daina miƙa wa juna saƙo ta ƙofofin. Daga baya aka ga abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin wasu ƙwayoyin daji suna amfani da ƙofofin wajen yaɗuwa. Magungunan da ake harhaɗawa don buɗe ƙofofin ko rufe su suna matakin gwaji. Duk wanda ya tallata muku ƙwaya ko garin da wai yake gyara su, ku riƙe kuɗinku.

Aiki

Kowa ya rubuta amsoshinsa a littafinsa, sannan a karanta wa juna bibbiyu.

1. Koneksin nawa ake bukata a yi cikakkiyar ƙofa tsakanin ƙwayoyi biyu? A nuna lissafin.
2. Wata mata ta ƙirga harbawa 44 a daƙiƙa 30. Nawa ke nan a minti? Yana tsakanin 60 da 100?
3. Miji da mata masu ji sun haifi kurma a cikin fari. Wani ya ce musu uku masu zuwa dole su ji. Gaskiya ne? A faɗi dalili da jimla biyu.
4. A cike gurbi: a gwada jin jariri kafin wata ___, a tabbatar kafin wata ___, a fara taimako kafin wata ___.
5. Aikin gida: a auna bugawar zuciyar mutum biyu, ɗaya yana hutawa, ɗaya bayan ya yi tafiya da sauri na minti uku. A rubuta shekarun kowa da lambar da aka samu, a kawo wa malam ko malama a zama na gaba.