Yadda ake haɗa sunayen farkon fim ɗin ban tsoro in an baku aikin bidiyo a makaranta

Abu na farko dai, ka cire tunanin razana mutane a minti ɗayan farko. Aikin wannan ɓangaren da sunaye ke fitowa shine ya sa mai kallo ya ji jikinsa ya yi sanyi, ya tsargu cewa akwai matsala a wajen nan amma bai san mene ne ba. Ɗalibai da yawa sai kaga tun sakan goma na farko an watso jini, ga ƙara, ga dodo ya buɗe baki, toh me kuma ya rage a cikin fim ɗin? Dubi farkon fim ɗin Halloween na John Carpenter da ya fito a 1978, kabewa ce kawai da aka sassaƙa mata fuska da wuta a ciki, kyamara na matsowa kusa da ita a hankali, sunaye na fitowa a gefe, fiyano na ta maimaita kiɗa ɗaya. Shikenan fa, kuma har yau ana koyi da shi.

Ku zauna da 'yan gurup ɗinku ku zaɓi abu ɗaya daga cikin labarin, ko tsohon hoto, ko ƙofa, ko hannu yana rubutu a littafi, ku gina komai a kansa. Tsawon kar ya wuce sakan 60 zuwa 90. Ku rubuta jerin sunayen a takarda tun kafin a taɓa kyamara, a al'ada sunan kamfani ko gurup ne ke fara zuwa, sai 'yan wasa, sai masu aiki, darakta kuma shine na ƙarshe. Ku tabbatar da yadda kowa ke rubuta sunansa, don rigimar da kuskuren harafi ɗaya ke jawowa ba kaɗan bace.

Sauti shine inda nake so ku fi ɓata lokaci, a ganina ma shi ya kamata a fara haɗawa sannan a yanka hoto a kansa. Ka ɗauki wayarka ka naɗi ƙarar ƙyaure, ɗigar ruwa, numfashi, jan kujera a ƙasa, ka saka a Audacity, manhajar gyaran sauti, tunda kyauta ce, ka rage masa gudu sosai ko ka juya shi ya koma baya, wallahi kai da ka naɗa ma sai ka kasa gane shi. Ka sa wani gurnani mai zurfi a ƙasa yana tafiya, amma ka sani sifikar waya bata fitar da irin wannan sautin mai kauri, saboda haka ka gwada da iyafis ka gwada da sifika, in ba haka ba ranar nunawa a aji ka ji wajen fayau. Sannan shiru ma makami ne, ka ɗauke duk wani sauti na sakan biyu daf da fitowar sunan fim ɗin kaga yadda mutane zasu gyara zama. Kiɗan wani fim ko waƙar wani kuma kar ka ɗauka, YouTube na iya kama shi, malami ma na iya rage maki.

Wajen ɗauka, fitila ɗaya ta isa, ko tocila, ka ajiye ta a gefe ko ƙasa yadda rabin abin zai faɗa cikin inuwa. Kar ka ce don tsoro ake so sai ka ɗauka a duhu ɗungurungum, hoton waya yana yin yashi-yashi in haske yayi kaɗan, gara ka ɗauka da ɗan haske ka duhunta shi wajen editin. Ka danna allon wayar ka riƙe don fokas da haske su tsaya waje ɗaya, ka kafa ta kar ta riƙa rawa, in tana da zaɓin firem 24 a sakan ka sa shi don shine na silima. Ka matso kusa-kusa yadda mai kallo zai ga ɓangare kawai.

Rubutun kuma salo ɗaya ya wadatar, fari a kan baƙi, ka rabu da wannan mai ɗigar jinin da kowa ke saukewa. A sunayen farkon fim ɗin Se7en da Kyle Cooper ya haɗa a 1995 da hannu aka karce sunayen, suna rawa suna tsalle a allo, kaima zaka iya rubutawa a takarda ka ɗau hoto ka ɗora a manhajar editin bidiyo irin DaVinci Resolve ko CapCut. Kowane suna ya tsaya yadda zaka karanta shi sau biyu ba gaggawa, kuma kar ya manne da gefen allo don wani majigin yana yanke baki-baki.

In kun gama ku fitar da bidiyon a ingancin hoto na 1080p, ku nuna wa wanda bai san labarin ba ku tambaye shi me yake zaton zai faru. In ya faɗi labarin gaba ɗaya to kun nuna da yawa, ku koma ku rage.